Illiyasu Mai Wankan Gawa da Buhunan Wake

Illiyasu ba malami ba ne, ko da yake karatu ya kawo shi Alƙahira shekara ashirin da biyu da suka wuce. Nahawu ya kayar da shi sau uku, ya haƙura, ya koma aiki a gidan burodi a unguwar Ainu Shams. Kafin ya zo Masar ya yi shekara tara yana dakon buhu a kasuwar hatsi ta Dawanau, shi ya sa har yau wuyansa a ɗan karkace yake. Hausawan birnin da abu ɗaya suka san shi: idan namiji ya mutu, shi ke yin wanka. Masu iya wa'azi a gidan makoki ba su ƙirguwa. Wanda zai naɗe hannun riga ya shiga ɗakin gawa, sai ka duba ka ga shi kaɗai.

Yana da wata al'ada. Ba ya wanke mamaci sai ya je ɗakin da ya yi kwanan ƙarshe ya tattara rigarsa da takalminsa, a aika wa mahaifiyarsa. Ya ce uwa ba ta yarda ɗanta ya tafi sai ta riƙe wani abu nasa.

A tsakiyar sanyin Janairu aka kira shi. Wasu samari biyu 'yan Maraɗi, Kamilu da Harun, masu aiki a gonar zaitun can cikin hamada a kan hanyar Fayyum, an wayi gari sun mutu a ɗakinsu. Ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa Giza, ya shiga ƙaramar bas da suke kira mikrobas, aka sauke shi a wani ƙauye mai gida talatin da ofishin 'yan sanda mai ɗaki biyu.

A ɗaki na biyu ya tarar da Tagwa, Bahaushiyar Sudan, dattijuwa mai dafa wa ma'aikatan gonar abinci. Ita aka kama. Ana gobe za su mutu ta yi faɗa da Kamilu saboda ya jefi awakinta, mutane sun ji ta ce, "Za ka gani." Da yamma suka ci abincinta, da safe babu su. Washegari za a wuce da ita gaban mai gabatar da ƙara, sakamakon likita kuwa sai bayan makonni.

"Malam, ni da Kamilu kullum muna yi," in ji ta. "Ya ce miyata ruwan wanki ce, kuma kwano biyu yake ci. Shi zan kashe?"

"Kin ci wani abu yau, 'yar'uwa?"

Ta girgiza kai. Ya ciro burodi daga jakarsa ya miƙa mata.

Ɗan sandan da ke riƙe da makullin ɗakin da samarin suka mutu, Saja Fathi, ƙato ne mai furfura, ya gaji da hamada kamar yadda ta gaji da shi. Da Illiyasu ya ce ya zo ɗaukar riguna da takalman mamatan, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ya Shehu, daga Ainu Shams ka taso don silifa?"

"Don silifa."

"Yalla, mu je. Ni ma zancen nan bai kwanta mini ba. Karen mai gadi ya lashe tukunyar tas, ga shi can yana bin kaji. Na gaya wa shugabana, ya ce kare ba ya ba da shaida."

Ɗakin kwantena ce ta ƙarfe, an yanka mata taga ɗaya. Samarin sun liƙe tagar da leda, sun cusa tsumma a ƙasan ƙofa, domin wannan ne sanyinsu na farko a Masar. Fathi ya buɗe zai shiga, Illiyasu ya fizgo shi baya da ƙarfin da ya sa hularsa ta faɗi.

"Ka haukace ne?"

"Shaƙa daga nan. Me ka ji?"

"Tafarnuwa. Ko ruɓaɓɓen kifi. Ɗakin gwauraye ne, me kake so ya yi, ƙamshin turare?"

Illiyasu ya san warin nan tun Dawanau. Ya sa aka yage ledar, aka bar ƙofa a buɗe har rana ta karkata. Suna zaune a inuwa Fathi ya sha sigari huɗu yana ƙorafin gwiwarsa. Da suka shiga, kowa da tsumma a hanci, Illiyasu ya nuna masa ƙasa: ɓeraye biyu a mace, kyankyasai a kife, ko ƙuda ɗaya babu. A jikin katifun, daidai inda ake sa kai, buhunan wake shida ne a jere, waɗanda mai gonar ya ba samarin su adana.

Ya kwance bakin buhu, ya zura hannu har gwiwar hannu kamar wanda ya ajiye abin da kansa. Ya zaro ƙullin tsumma, ya buɗe. Toka ce fara-fara a ciki.

"Ƙwayar maganin ƙwarin hatsi," in ji shi. "Haka muke ƙulle ta a gida, mu cusa a buhu, ta riƙa fitar da iska mai guba har ta zama toka. Amma a gida rumbu daban, ɗakin kwana daban, kuma iska na ratsa ko'ina. Nan sun rufe kansu da ita a gwangwani."

Ƙulli goma sha ɗaya suka fitar. Fathi ya ce a hankali, "Na shiga ɗakin nan sau biyu. Tukunya nake nema."

Da suka nuna wa shugaban ofishin, ya ce khalas, magana ta ƙare, an riga an rubuta takarda, a jira likita. Fathi bai yi masa musu ba. Ya zauna ya rubuta sabon rahoto da hannunsa, ya sa Illiyasu ya faɗi komai dalla-dalla, ya nemo mai shagon da ya sayar wa Harun ƙwayar, shi ma ya sa hannu. Da safe ya ɗauki ƙullin a kwalba, ya hau babur ɗinsa ya riga motar da za ta kai Tagwa isa ofishin mai gabatar da ƙara. Illiyasu na goye a baya yana rungume da kwalbar.

Kwana huɗu aka yi kafin a sake ta. Illiyasu ya yi su a barandar masallacin ƙauyen, mai gidan burodi na kira yana faɗa, shi kuma yana cewa ma'alish, a yi haƙuri. Ranar da ta fito, mutanen da suka ba da shaida a kanta suka taru suna cewa da ma su ba su yarda ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta nufi Illiyasu.

"Malam, yaushe za a ba da gawarwakin?"

"Jibi, in Allah ya so."

"Wa zai ɗinka likkafani?"

"Ban samu ba tukuna."

"Kawo yadin," in ji ta. "Harun dogo ne, ka ƙara kamu ɗaya."