Ranar da Yaya Rifkatu Ta Ajiye Kwalli

Shekara goma sha tara ke nan da muka binne yayata Rifkatu a Plumstead, nan ƙasar Turawa. Makon jiya ta faɗo mini a rai a cikin bas, da na ga kowa ya duƙufa a kan wayarsa, har wani dattijo ya wuce tasharsa bai sani ba. Da tana nan, da ta taɓe baki ta ce ita da abokan aikinta suka jawo.

Kuma da gaskiyarta. A shekarun tamanin ta sami aiki a wani ƙaramin kamfani da ke cikin tsohon sito a bakin kogi, nan Woolwich. Wasu injiniyoyi ne suka kafa shi, suna ƙera 'yan ƙwayoyin lantarki da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, waɗanda ke kamo murya daga iska su kuma aika ta. Rediyon 'yan tasi suka fara yi wa. Aikin Yaya shi ne duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, cikin wani ɗaki da ba a yarda ko ƙura ta shiga ba. Farar riga ake sawa daga kai har ƙafa, ido kawai ke waje. Hoda da jan baki kuwa an hana su.

Da wayar hannu ta fara fitowa, kamfanin ya sami kwangilarsa ta farko mai tsoka. A lokacin ne kaya suka fara lalacewa, kuma kullum a zubin safe. Aka bincika aka ce wani baƙin gari ne ke sauka a kansu. Zargi ya faɗa kan Malam Issaka, mutumin Kumasi mai kula da matatar iskar ɗakin. Aka ba shi takardar gargaɗi, aka ce in an sake sai kora. Matarsa kuwa tana da tsohon ciki.

Ni ina zaune da Yaya a lokacin, ina karatu. Wata Lahadi tana shirin coci, na ga ta tsaya da tandun kwalli a hannu. Tun muna Zonkwa ba ta taɓa fita ba kwalli ba. A wurinta maganin ido ne da innarmu ta koya mata, shi ya sa bai taɓa zo mata cewa dokar hoda ta shafe shi ba. Ga shi kuma wuni take yi da ido a kan kayan, tana ƙiftawa.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, cewa na yi ta daina sawa kawai, ta ja bakinta. Kaya za su gyaru, ba wanda zai sani. Aikin nan shi ke ciyar da mu.

Ta ce, "To Malam Issaka fa? Takardar tana cikin fayil ɗinsa. Ranar da za a rage ma'aikata, da wa kake jin za a fara?"

Da safe ta kai tandun ofis ta dire a kan tebur. Aka gwada, aka ga shi ne. An dakatar da ita mako biyu, ƙarin girman da take jira ya wuce ta, bai kuma sake dawowa ba. Takardar Malam Issaka kuwa a gabansa aka yaga ta. Har yau ina jin kunyar shawarar da na ba ta.

Kamfanin ya bunƙasa a shekarun casa'in, sannan wani babba ya saye shi, aka kwashe aikin zuwa Asiya. Sito ya zama gidajen haya masu tsada. Ban san ko Yaya za ta yi alfahari da wayoyin yau ba. Na fi zaton za ta ƙwace tawa ta ce in kalli mutane in ana magana.

Ba a rubuta sunanta a ko'ina cikin tarihin wannan sana'a ba, kuma ba na jin za a yi. Amma Malam Issaka ya yi aikinsa har fansho. 'Yar da aka haifa masa bayan abin nan, 'yan masallacinsu sun yi ta gunaguni kan sunan da ya raɗa mata, bai saurari kowa ba. Yanzu malamar asibiti ce, kuma duk shekara a rana irin ta yau, ranar da muka binne Yaya, takan kira ni. Hausarta ba ta nuna ba, amma gaisuwar farko da ita take yi. Ɗazu na ɗaga waya na ce wa ke magana.

Ta ce, "Kawu, Rifkatu ce."