Rediyon Hudu Mai Tare Ruwa

Da an sallame Asuba Hudu yake sauka fadamar Gummi, rediyo rataye a wuya, ya shiga bin katangun lakar da ke tare ruwa a fangalan shinkafa. Inda ya ga yoyo sai ya ɗebo laka ya danne da diddige. Shekara talatin ke nan aikinsa, ni kuma na ɗan yi aiki tare da shi a fadamar. Ba mai yawan magana ba ne, rediyon ne ke yi masa.

Ɗiyarsa Habsu tana jami'a, tana bincike kan wani maganaɗisu ƙarami ainun, ƙwayar sinadari guda wadda ido bai iya gani. Bara ta dawo gida da akwatinta duka, ta ce ta bar binciken. Rana ta huɗu da dawowarta ta kai masa fura gona, ya tambaya.

"Mi ya koro ki?"

"Baba, abin mantuwa gare shi. So ake ya riƙe fuska guda, sama ko ƙasa, don sabuwar kwamfuta ta ajiye bayani a cikinsa. Akwai shinge tsakanin fuskokin biyu. Ko an sanyaya shi fiye da ƙanƙara, bai da ƙarfin hawa shingen, sai kawai ka gan shi a wancan gefe. Ratsawa yake."

Hudu ya dubi lakar da ke ƙafarsa.

"Kamar wanga ruwa ke nan. Babu magani?"

"Akwai. Hanya biyu yake bi ya ratsa. In an kanga masa wani maganaɗisu daga waje daidai gwargwado, hanyoyin sai su kashe juna, ya tsaya cak. Shekara biyu ina neman gwargwadon a ƙwayata, ban samu ba."

"Shekara biyu! Innarki ta fi haka tana koyon tuwo."

Ta yi dariya, amma akwatin bai motsa ba.

Da yamma aka ga Hudu bakin zaure da wuƙa, ya kwance rediyonsa, ya ɓalle baƙin zoben da ke bayan sifika. Ya naɗe shi a tsumma ya miƙa mata.

"Kin ce wani kike nema daga waje. Wanga mayen ƙarfe ya riƙe allurata shekara goma bai taɓa saki ba. Je ki kanga mai."

Habsu ta san zoben nan ba zai yi komai a ɗakin gwajinsu ba, nasu na'ura ce da ta fi mutum tsayi. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga gawar rediyon a kan tabarma, ta karɓi tsumman da hannu biyu. Ran Asabar ta hau motar komawa jami'a, tsumman na cikin jakarta.

Ban san ko ta samu gwargwadon ba. Ni dai ran da na bar aikin fadamar na hango Hudu da sassafe, ya rataya rediyon da ba ya magana, yana danne wani sabon yoyo da diddige.