Lemeki Vuru, Mai Angar Baya

Kowace safiya, kafin a dafa shayi, Lemeki Vuru yakan zagaya bayan jirgin ruwa da gwangwanin giris. Yana bin wayar anga da tafin hannu, yana laluben zaren da ya tsinke. Shekara talatin da shida ke nan.

A Amurka aka ƙera jirgin, a bakin wani kogi da bai san gishiri ba, don ya hau yashi, ya buɗe baki, ya amayar da tankokin yaƙi. Haka ya zo mana a 1943, Lemeki yana cikin masu dakon harsashi. Gaɓa bakwai ya kai sojoji, ya komo da masu rauni jere a cikinsa. Bayan yaƙi aka goge lambarsa, ƙungiyar manoman kwakwa ta saye shi. Tun daga nan busasshiyar kwakwa yake ɗauka, da kwanon rufi, da aladu, da amare. Shi ya kai ni Honiara, babban birninmu, shekarar da na tafi karatu Auckland. Da na dawo komai ya ƙanƙance a idona, ban da shi. In teku ta kwanta da hantsi, sai ka ce tsibiri ne ya gaji da zama ya kama hanya.

Irin wannan jirgi ba ya barin yashi da ƙarfin injinsa. Tun daga nesa ake sakin anga ta baya, in an gama lodi ya ja kansa da wayar ya koma ruwa. In an saka da wuri, waya ta ƙare ta bi anga. In an makara, jirgi ya zama gidan ƙaguwa. Lemeki ba ya duba agogo. Daga ƙofar duwatsun murjani yake fara waƙar coci ƙasa-ƙasa, kowace gaɓa da baitin da yake sakin anga a kai.

Bara guguwa ta share tsibirin Nusakela, gishiri ya shiga rijiyoyi. Mutum ɗari biyu da sha biyu ke jira a kwashe su, teku kuma tana janyewa. In jirginmu ya maƙale, ba wani jirgi a kusa. Naomi Qila, malamar asibitin da ke tsaye kusa da Lemeki, ita ta ba ni labari. A tsakiyar baiti Lemeki ya yi shiru, ya leƙa ruwa, ya saki anga.

Muryar sabon kyaftin ta fito ta bututun magana. "Kawu, wa ya ce ka saka?"

"Ruwan ya sake launi, ɗana. Guguwa ta kwashe yashin gaba, dutse ne zalla. Anga ba ta cizon dutse."

"Taswira ta ce da saura."

"Taswirar taka a nan ta kwana ranar guguwa?"

Naomi ta ce, "In wayar nan ta ƙare, tsoho, kai za mu ɗaura mu jefa."

"Ba ni da nauyi, ƙanwata. Ke dai."

Waya ta yi ta gudu. Da jirgi ya hau yashi, naɗi biyu ya rage a jikin injin jan waya. Mutane suka shigo, wasu da ƙararrawar coci, wasu da tsohuwa a kan ƙyaure. Lemeki ya tada inji. Waya ta miƙe, ruwa yana tsalle daga jikinta kamar yayyafi. Jirgi ya yi tsit, can ya yi ajiyar zuciya, ya sulale.

Na karanta rahoton tafiyar. "An saki anga inda ya dace." Babu suna.

Kai ne, Lemeki, mai tanadin komowa. Masu kiɗa da furanni a bakin jirgi suke tarbar mutane, kai kana can baya kana kallon hanyar da aka biyo. Ba ka taɓa ganin isowa ba.

Gwiwoyinka sun ƙi, Asabar za ka sauka. Mun gode, mu da mutanen Nusakela, waɗanda yanzu suke dasa gwaza a tudun da aka ba su.

Matasanmu duk sitiyari suke so. Don Allah wani ya zagaya baya, ya zauna kusa da tsohon nan, ya koyi waƙar da duban ruwa tun yana nan. Ran Litinin jirgi zai tashi zuwa gaɓa tara, kuma ba kowa a kan anga.