Tugiran Mai Faci da Hannun Hagun Uwarmu

Ƙanena Tugiran faci yake yi a bakin titin da ya fita daga Bantul zuwa teku. Rumfar shinkafata na manne da tasa, don haka duk wautar da zai yi a kan idona yake yin ta. Mutum ne da idan tayar babur ɗinka ta sace a gabansa, ka kaɗe. Sai ya kwance tayar tukuna, ya tabbatar ba inda za ka, sannan ya goge hannu a wando ya jawo labarin da ya rubuta ya hau karanta maka. Na sha ganin mai sauri yana duba agogo kamar zai yi kuka, Tugiran kuwa yana cewa, "Haƙuri, Pak, gam bai kama ba." Pak kamar Malam yake a wurinmu. Gam ya kama tun tuni, babin ne bai ƙare ba.

Rubutu bai taɓa ba shi tsoro ba, zane ne ke kayar masa da gaba. Tun muna yara yake so ya ga labaransa da hotuna na hannunsa, amma duk fuskar da ya zana sai ta fito kamar tarwaɗa. Shi ma ya sani. Zai zana, ya karkata kai, ya yi tsaki, ya miƙo min takardar in naɗe soyayyen tempe, wato wainar waken suya. Rabin unguwarmu sun ci tempe a cikin tarwaɗun Tugiran.

Da uwarmu, Mbok Painem, ta rasu, sai abin ya zame masa kamar ciwo. Mbok jamu take sayarwa duk rayuwarta: jiƙon kurkum da citta da tsamiya, kwalabe a kwando, kwandon a goye, ta zuba maka a ƙoƙon kwakwa tana yi maka faɗa kan yawan shan taba. Ba ta yarda da hoto ba. Wanda ke jikin katin shaidarta kuwa ruwa ya jiƙa shi, ba a gane komai sai kallabi. Ga shi sadakar kwana dubu na matsowa, ranar da ake raba wa baƙi ɗan littafin Yasin mai hoton mamaci a shafin farko. Mu ba mu da fuskar da za mu sa.

Tugiran ya ce shi zai samar. Ya rubuta labarin wata mai jamu da ta ɗura wa aljanin bishiyar ƙauye maganin tsutsar ciki har ya tuba ya daina firgita yara. Ya sauya mata suna, amma ko jariri ya san Mbok ce. Ya ce zai yi masa hotuna, a haɗa da Yasin ɗin a raba.

Na ce, "Giran, tsoron Allah dai. Tana kwance lafiya za ka mayar da ita kifi?"

Ya ce, "Yu, ke dai bakinki ba ya hutu." Yu yake ce min, wato Yaya.

Wani ɗalibi da ya zo faci ne ya nuna masa yadda ake sassaƙa hoto a falan roba, a shafa tawada, a ɗora takarda. Tugiran ya wasa ƙarfen tsohuwar lema ya mayar da shi wuƙa, ya duƙufa. Ɗalibai da ƙafa suke taka takardar don tawada ta kama, shi kuwa ya rantse ba zai taka fuskar uwarsa ba, da bayan cokali zai goge. Sai dai ko sau ɗaya bai gwada ba. Yana gama roba ɗaya sai ya kife ta ya ɗauki wata. In na ce ya buga mu gani, ya ce tawada ba ta iso ba. Tawada na ƙarƙashin bencinsa, ni na share wurin na gan ta. Tsoro yake ji, don muddin bai buga ba, zai iya ci gaba da zaton ta yi kyau.

Sai da sadaka ta rage mako biyu na ƙwace cokalin miyata na dangwara masa. Ya shafa, ya goge, ya ɗago takardar a hankali. Muka sunkuya muna kallo.

Roba ashe juya hoto take yi. Ga Mbok nan tana miƙa wa limamin ƙauye ƙoƙon jamu da hannun hagu. Muka buga na biyu, tana cin shinkafa da hagu. Na uku, tana shafa kan jariri da hagu. Matar da ta taɓa bina da tsintsiya har bakin masallaci don na karɓi alewa da hagu! Fuskar kuma, gaskiya ɗaya ce, tarwaɗa ce mai kallabi.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na ɗago sai na ga Tugiran yana tattara robobin cikin buhu.

Ya ce, "Yu, ba hannun ne ya dame ni ba. Na manta fuskarta. In na rufe ido muryarta nake ji, amma ba na ganin ta."

Na daina dariya. Tausayinsa ya kama ni, har da na kaina, don ni ma da na gwada rufe idon kallabin kawai na gani.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Rana ta biyu ya buɗe, har ya yi wa wani faci ba tare da ya karanta masa ko layi ɗaya ba, mutumin ya tafi yana waiwaye. Rana ta uku sai ga shi da sabuwar roba da tsohon kwandon Mbok.

Ya ce, "Tashi ki goya."

"In goya me?"

"In a takarda ana son dama, a roba sai an sassaƙa hagu. Ni kuma ban taɓa ganin mai mutunci na miƙa abu da hagu ba, ban san yadda kafaɗa ke yi ba. Ki tsaya ki miƙa, ni in kwafa."

"Au, wato ni ce marar mutuncin gidanku?"

"Ke kika faɗa, Yu."

Haka na wayi gari, mace mai jikoki, tsaye a bakin titi da kwando a baya, ina miƙa wa iska ƙoƙo da hagu. Kwana da kwanaki muna haka. Hannun ya saba, har ranar da limaminmu Pak Dalhar ya zo sayen shinkafa na miƙa masa da shi. Ya dubi kwanon, ya dube ni, ya ce, "Bu Ngatirah, lafiya dai ko?" Kafin la'asar labari ya zaga cewa shanyewar ɓarin jiki ta kama ni. Wata maƙwabciya ta kawo min man zafi, wata ta kawo sunan mai tausa. Tugiran na gefe yana sassaƙa, ko ɗago kai bai yi ya wanke ni ba. In na ɓata rai ma sai ya ce, "Yawwa, riƙe fuskar haka, kada ki saki."

Ya lalata roba da yawa. Ya ce hanci ya yi tsawo, ya ce wuya ya yi gajere, sau biyu yana cewa a fasa, a sa hoton fure kamar yadda wasu ke yi. Ni kuwa na ce bayan an gama yi da ni a unguwa, ko aljanin zai zana sai ya gama. Wannan karon yana bugawa yana dubawa, amma ya hana ni gani.

Ranar sadaka aka shimfiɗa tabarmi har titi. Aka yi addu'a, aka raba kwandunan shinkafa da kaza, kowane da Yasin da ɗan littafin Tugiran a kai. Shi ya gudu bayan gida wai yana duba ruwan shayi. Na buɗe nawa ina shirin jin kunya.

Hannun dama ne, alhamdulillahi. Fuskar kuma tawa ce: gira a haɗe, baki a murɗe kamar mai shirin faɗa. Har na buɗe baki zan ce ya tsofar da ni, sai na lura matar da ke kallona daga takardar ba ni ba ce.

Bude Wagiyem, yayar Mbok, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, idonta ya yi rauni sosai. Ta kai littafin har bakin hancinta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta shafa hoton da babban yatsa ta ce, "Painem, ja'ira, har yanzu fushi kike yi?" Ta sa shi cikin rigarta, ta fashe da kuka.

Na tashi na je bayan gida. Tugiran na tsugune gaban tukunyar shayi, bai juyo ba.

Ya ce, "Sun yi dariya ko? Kunnen ya karkace, na sani."

Na ce, "Bude ta kira ta da sunanta."

Ya daɗe yana juya shayin da ba ya buƙatar juyi. Da ya ɗago ya dube ni sai ya kasa ɗauke ido, ni ma na bar shi ya kalla har ya ƙoshi.