Na Wanke Laftof Kamar Allo

Ƙadangaren roba kawai na jefa wa Yaya Bilki don in tsorata ta. Ta zabura, kofin zoɓo ya kife kan laftof ɗinta, ga aikin kammala karatunta duk a ciki.

Tana fita kiran mai gyara, na ce bari in gyara ɓarnata. Na ɗauko buta na ɗauraye laftof ɗin tas, na jingine ta a bango ta sha rana, yadda muke yi wa allo.

Mai gyara ya duba, ya ce, "Zoɓon da sauƙi. Wa ya yi mata wanka?"

Yaya ta nuna ni. "Ga alarammanmu nan."

Da ƙyar aka ceto aikin, amma yanzu ko rimot ba a ba ni a gidan. Jama'a, da me ake lallashin yaya?