Yaya Bube Mai Sassaƙar Jita

Duk wanda ya san Yaya Bube a Jega ya san ba ya wuce itace bai ƙwanƙwasa ba. Ƙofa ce, kujera ce, turmi ne, sai ya buga da yatsa ya kara kunne, kai kuwa kana tsaye da gaisuwarka a baki. Ni ƙanwarsa ce, ciki ɗaya, aure ma bai raba ni da shi ba, don katanga ɗaya ce tsakaninmu. Saboda haka kada wanda ya ce mini mutum ne mai haƙuri. Haƙuri ni na yi shi!

Gidanmu gidan masassaƙa ne, ana yin turmi da ƙota ana cin abinci. Shi ya ce jita zai yi. Ya kwantar da gungumen maɗaci a zaure, ya rarake cikinsa da gizago, ya yi ta kankara har ya zama kamar ɓawon ƙwai. Abin haushin, bai iya kaɗawa ba. Ko kusa! In ya taɓa tsirkiya, awaki ficewa suke.

Mun je ta'aziyya Maiyama ni da shi, mijin ƙawata ya rasu. An shafa fatiha ke nan wajen maza sai aka ji ƙwas-ƙwas. Yaya ya dubi ƙanen mamaci ya ce, "Allah shi jiƙan Malam. Amma wanga benci wa yac cuce shi? Murya gare shi, kun aje shi ana zama bisa!" Kafin in nemo takalmina labari ya iso wajen mata.

Sai akushin Innarmu, shi kaɗai na gada. Na neme shi har ƙarƙashin gado. Rannan na leƙa zaurensa, ga shi an dasa masa wuya, an rufe bakin da fallen katako, wai ƙaramar jitar nan mai tulun ciki, mandolin.

Na ce, "Yaya, akushin Inna na hwa!"

"Shi na, Hajo. Tun muna yara tuwo ɗai yas sani. Yanzu ya koyi magana."

"To, mi shika cewa?"

Ya kaɗa, ya saurara. "Cewa shikai ki rage hwaɗa."

Ba a nan ya tsaya ba. Maigidana ya hau babur da safe zai tafi Aliero sayen albasa. Ya isa bakin kasuwa, ya matsa birki, wayam! Ya wuce cikin tulin albasar mutane har wuya. Allah ya tsare, gwiwa kawai ya goge. Ya dawo yana ɗingishi yana wari, muka nufi zauren Yaya, ga wayar birkin an warware ta an ɗaure a jita.

Maigidana ya ce, "Yaya, kashe ni za ka yi?"

"Haba! Ai na bar maka na baya."

"Na baya ya daɗe da mutuwa!"

"To ka gani? Sakacinka na. Mutum da iyali shina yawo da birki guda!"

Wallahi sai da maigidana ya ba shi haƙuri.

Da ciwo ya kwantar da Yaya bara, hannun nan ya kasa riƙe ko cokali, ni ke ba shi kunu. Ranar ƙarshe ya kira ni, muryarsa ƙasa-ƙasa. Na matso, na ce yau dai za a roƙe ni gafara.

Ya ce, "Hajo, duk abin da kinka yi mani, na yahe miki."

Na buɗe baki in rama, kuka ya riga ni.

Allah ya jiƙan Yaya Bube, ya haskaka makwancinsa, ya sa can ta fi masa nan. Ni ma na yafe, Yaya. Har ga Allah na yafe.