Autar Baba Birki

In kana sauri, kada tsautsayi ya sa ka biyo bayan motar Baba Birki. Mutumin nan kaza zai hango can gefen titi ya taka birki, iska ta kwaso leda ya taka birki. Haka sunan ya bi shi, har matarsa in ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Da ƙuruciya tirela ya ja, ya ci hanya iya ci, sai da bayansa ya fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa sannan ya haƙura ya dawo gida. Aka yi dace hukumar ilimi na neman direban motar 'yan makaranta, wata doguwar bas ruwan ɗorawa mai ƙofa ɗaya. Ya nema, aka ba shi.

Aikin kuwa ya karɓe shi. Da sassafe yana gareji, ya duba mai, ya duba ruwa, ya bi tayoyin yana ƙwanƙwasawa da sanda yana kasa kunne, sannan ya goge kujeru da wani tsohon tawul. Kuma yana da wata doka da shi ya kafa wa kansa: duk yaron da ya taka matattakalar motar nan sunansa Fasinja. Ɗan likita Fasinja, ɗan mai faci Fasinja. "Fasinja, zauna." "Fasinja, shigo da hannunka." Cewa yake ranar da ya fara kiran wani da sunansa, washegari za a ce yana da 'yan gaban goshi.

Ita ma hukuma da tata dokar. An zana da'ira an kewaye makarantar. Yaron da gidansu ke waje da da'irar yana da kujera a mota, wanda ke ciki ya taka da ƙafarsa, wai ai kusa ne. Layin su Baba Birki shi ne na ƙarshe daga ciki. Kusa ɗin ne, ba a musu, amma tsakaninsu da makaranta akwai babban titi mai hannu biyu, inda manyan motoci ke wucewa ba sa ko kallon mutum. Ta nan Auta ke tsallakawa, 'yarsa ta ƙarshe, wadda Allah ya ba su bayan sun gama fid da rai, yayyenta duk sun yi aure sun watse. Maman Auta wanki take yi a asibiti, tana tsallakar da ita da safe, amma in an tashi sai yarinya ta bi ayarin yaran unguwa.

Wata rana da aka taso, jakar Auta ta suɓuce a tsakiyar titi. Ta juya za ta ɗauka, wata babbar yarinya ta fizgo ta baya, mota ta bi ta kan jakar ta yi raga-raga da ita. Da yamma Maman Auta ta dire jakar a gabansa yana cin abinci.

"Kalli nan, Baba Birki. Ka kwashi 'ya'yan duniya ka kai su lafiya, taka tana wasa da mutuwa. Bayan motarka kujeru nawa ne ba kowa?"

"Na sani."

"To ka tsaya mata mana. A bakin layinmu kake wucewa."

"In na tsaya mata, sauran yaran layin fa, in rufe ƙofa a fuskarsu? In na kwashe su duka a kore ni, a kawo wanda ba ya taka birki."

Abincin bai ƙara shigarsa ba. Tsoro ya ji ranar, irin wanda bai taɓa ji ba duk yawonsa a kan hanya.

Dabarar daga yayarsa ta fito, wadda yara ke kira Gwaggo. Gidanta na can tashar ƙarshe, waje da da'ira sosai. Ta ce a kawo mata Auta ta zauna, zaman gaske ba na ƙarya ba, sai ta cancanci kujera. Ta ƙara da cewa kada a riƙa ɗaukarta zuwa gida da wuri, in ba haka ba ba za ta saba ba. Manya uku suka zauna suka yanke, kowa na ganin ya yi hikima, kuma a cikinsu ba wanda ya tuna ya zaunar da yarinyar ya faɗa mata dalili. Cewa kawai aka yi, "Haɗa kayanki, za ki wajen Gwaggo."

Ranar farko da motar ta tsaya a ƙofar Gwaggo, Auta ta hau da gudu tana washe baki. "Baba," ta ce, tana neman hannunsa. Yara sun cika kujerun gaba, duk sun zuba ido. Baba Birki ya kalli titi ya ce, "Fasinja, zauna."

A ganinsa adalci ke nan. Auta ta wuce can baya ta zauna jikin taga. Washegari ba ta ce Baba ba. Da tafiya ta yi tafiya ko gefensa ba ta kallo, shi kuma gogan naka har daɗi yake ji wai yarinya ta fahimci aiki. Gwaggo ta ce ba ta cin abinci sosai, aka ce rashin sabo ne. Gida kuwa ya yi tsit, shi da Maman Auta sai su zauna rediyo na ta surutu ba mai saurare.

Ran nan da yamma ya kai tashar ƙarshe, kowa ya sauka, saura ita. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Direba," ta ce a hankali, "in na daina laifi za a mayar da ni gidanmu?"

"Wane laifi?"

"Jakar da na bari mota ta take."

Baba Birki ya kashe mota. Ya sauko daga kujerarsa da ƙyar saboda bayan nan nasa, ya durƙusa a kan matattakala, ya riƙo kafaɗunta. Ya faɗa mata komai, da da'irar, da titin, da tsoron da ya ji. Ya ce jaka ko goma aka take ba komai ba ne. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To me ya sa ba ka san ni ba a mota?" Nan kam sai hawaye, dattijo guda a bakin titi.

Washegari yara suka ga abin mamaki. Kowa ya hau sai Baba Birki ya tare shi: "Kai, yaya sunanka?" Ya yi ta kwaɓa sunayen, ya kira wannan da sunan wancan, motar ta kaure da dariya. Da haka ya haddace su kaf, don kawai in an zo ƙofar Gwaggo ya samu bakin cewa, "Auta, kin tashi lafiya?" ba tare da ya fifita kowa ba.

Bai tsaya nan ba. Mutumin da bai taɓa taka ofis da ƙorafi ba ya sa rigarsa mai kyau ya je wajen shugabar sufuri. Ya yi ta in-ina, ita kuma ta ba shi kujera ta saurare shi. Ta ce ita ma kujerun nan da ke tafiya ba kowa sun daɗe suna damunta, amma ba ita ta zana da'ira ba, kuma muryar mutum ɗaya ba ta isa sama. Ta ce ya zo mata da iyayen yara. Maman Auta ta karɓi wannan aikin, ta bi layi gida-gida, kuma duk wanda ya san bakinta ya san ba a ce mata sai gobe. Tela ya zo, mai gyaran waya ya zo, har da wata kaka da sandarta. Aka yi zama, aka sake zama, aka ɗage, aka kuma ɗagewa, har wasu suka fara cewa an shiririce. Duk tsawon lokacin nan, in ya ajiye mota sai ya hau kekensa ya tafi gidan Gwaggo, ya zauna Auta na yin aikin gida yana gyangyaɗi.

Sai farkon sabon zango sanarwa ta fito. Duk yaron da sai ya tsallaka babban titi yana da kujera, ko gidansu na ciki ko na waje, kuma an ƙaro mota ta biyu. Layin su Baba Birki ya faɗa rabon sabuwar motar, wadda aka ba wani matashi. Baba Birki ya tsare yaron nan a gareji ya yi masa huɗuba a kan birki har sai da ya ce, "Baba, na ji, wallahi na ji."

Auta ta dawo gida. Bayan kwanaki Maman Auta na shara ta ga akwatin yarinyar a ƙarƙashin gado, kayan na ciki a ninke yadda Gwaggo ta shirya su. Ashe kullum sai ta zaro abin da za ta sa, in an wanke ta mayar. Da Baba Birki ya dawo aka nuna masa. Ya kira Auta, ya jawo akwatin tsakiyar ɗaki.

"Me ya sa ba ki fito da kayanki ba?"

"Ko za a ce in koma."

Ya buɗe durowa, ya fara ɗebo rigunan yana jerawa, a karkace, irin jerin wanda bai taɓa yi ba. Ta tsaya tana kallonsa har ya kai rabi, sannan ta matso ta karɓe wadda ke hannunsa.

"Ba nan ake sawa ba, Baba. Kawo in nuna maka."